Yadda ake raba kuɗin albasa tun tana bakin gona

Manomin albasa a kwarin Tarka ko na Magiya sau ɗaya yake ganin kuɗi masu kauri a shekara, tsakanin Maris da Afrilu, kuma a lokacin ne buhu ya fi arha, domin daga Galmi har Tamaske kowa ya tone tasa. Manyan motoci masu zuwa Kumasi da Abijan suna tsaye a Madawa, dillalai kuma sun san wanda bashi ya matsa wa. Shi ya sa masu dabara suke yin lissafin shekara tun albasar tana shan iska a ƙasa, ba a zuba ta a buhu ba.

Da bashi ake farawa: taki, iri, ladan masu dashe da masu tono, sai man injin ban ruwa, wanda ya ƙara nauyi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. Kowane bashi a mayar da shi buhu, a ce waɗannan na mai taki ne, waɗancan na mai mai, a sayar a biya a ranar. Sai hatsi, a sayi geron da zai kai gida kaka kafin damina ta ɗaga farashinsa. Ƙasar Adar dutse ce, gonar tudu ba kullum take ciyar da gida ba, kuma albasar nan ce take hana magidanta da yawa na Buza da Keita tafiya cirani.

Haraji ana ware shi a wannan zaman, ko da mai karɓa bai zo ba, don yakan zo ne bayan kuɗin sun watse. Akwai lanho da maigari yake tara wa ma'aikatar magajin gari, akwai tikitin kasuwa, wanda kuma yake da shago ko yake lodin mota yana da nasa a ofishin haraji. Kowace takardar biya a adana ta wuri guda tare da littafin shiga da fita. Ɗan kasuwar da ya zo da littafi yana da bakin magana idan an yanka masa abin da ya wuce ƙarfinsa. Wanda ya zo hannu rabbana sai dai ya roƙa.

Abin da ya rage na albasa shi ne na rudu, wato rumbun ajiyarta, kuma a nan ake gane manomi. Ajiya tana farawa tun a gona. Wanda ya cika wa albasa takin ure don ta yi ƙato ya riga ya yi asara, ruwa ne a cikinta. Ana ɗauke ban ruwa sai ganye ya kwanta da kansa, a tone, a rufe ta da ganyenta ta bushe, a yanke a bar mata ɗan wuya. Daga nan a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hannu ba sa ma kallo sosai: babban yatsa a kan wuya, in ya lotsa, ta kasuwa ce. Mai kaurin wuya, tagwaye, wadda fartanya ta sara, wadda rana ta ƙona, duk su tafi yau. Mai tauri, mai busasshen ɓawo ja yana ƙyalli, ita take hawa. Na sha tsayawa ina kallon wannan tsinta, kuma har yau ban ga aikin da ya fi ta nuna sanin albasa ba. Rudun kansa a ɗaga shi daga ƙasa kan itace, kara a ƙasa, jinka mai kyau a sama, iska ta ratsa, kada a jibge ta da zurfi. Da ruwan farko ya sauka sai a riƙa leƙawa, hanci ne yake fara ba da labari, ruɓaɓɓiya ɗaya a fitar da ita tare da maƙwabtanta.

Lissafin ba ya son kwaɗayi. A ce mutum ya ɗora buhu 100 ranar da buhu yake jika 10, ya sauke 70. Sai buhu ya wuce jika 14 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, ba a ma sa kuɗin kara da jinka da gadi ba. Farashi yakan hau sosai daga tsakiyar damina, amma rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya nuna cewa hanya ma tana iya toshewa. Don haka ba a jiran rana guda. A sayar kashi uku: ɗaya lokacin shuka don noman gero, ɗaya da farashi ya motsa, na ƙarshe ya biya irin da za a yafa da man farkon sabuwar shekarar lambu.

Kuɗin gabu, busasshen ganyen albasa da mata suke sarrafawa, nasu ne, ba ya shiga wannan lissafi. Da yawa suna zuba shi a adashi ko asusun Mata Masu Dubara. Zakka kuwa, malaman Malikiyya ba su ɗora ta a kan albasar kanta ba, sai a kan kuɗinta idan sun kai nisabi suka shekara a hannu, a fitar da ɗaya cikin 40.