Kaka Da Dashen Itatuwa A Harabar Gida Da Ta Ikkilisiya

Karatu: Littafin Firistoci 19:23-25, Luka 13:6-9

Littattafan aikin lambu da ake kawowa daga Ingila da Amurka sukan koyar cewa kaka ce lokacin dashen itatuwa. Gaskiya ne a can, gama ƙasa tana da sauran ɗumi, ruwa yana sauka, itace kuma yakan huta a lokacin sanyi yana kafa saiwa. A Bukan Sidi da sauran unguwannin Lafiya kuwa, ruwan da ya fara a watan Afrilu yakan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Abin da ke biye da kaka shi ne hunturu da ƙura, sa'an nan zafin Fabrairu da Maris.

Matsalar ita ce, a kaka ne kuɗi yake shiga hannu. An cire doya, an sayar da riɗi, an yi sujadar godiya, sai dattawan ikkilisiya ko zumuntar mata su ga ya kamata a ƙawata harabar majami'a. A sayi dashe a watan Nuwamba, a dasa da murna, kafin Ista yawancinsu sun zama busassun sanduna. Kuɗin baiko ne ya tafi haka, ba kuwa ƙaramin abu ba ne. Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 gine-gine suke cin gonaki da inuwarsu, saboda haka bukatar itatuwa ta gaske ce. Lokacin ne kawai ake kuskurewa.

Dokar da aka ba Isra'ilawa ta hana su cin 'ya'yan sabon itace har shekara uku. Na shekara ta huɗu na Ubangiji ne, sai a ta biyar mai gona ya ci. Wanda ya karɓi wannan doka ya san dashe alkawari ne na shekaru. Haka kuma mai lambun da ke cikin misalin Yesu, da aka ce a sare ɓauren da bai ba da 'ya'ya ba, bai tsaya ga roƙo kaɗai ba. Ya ɗauki nauyin yi masa kaftu da zuba taki. Misalin yana magana ne a kan tuba da haƙurin Allah, amma manoman da suka ji shi sun gane aikin da ake nufi.

Aikin kaka, ashe, shiri ne. Da fari a zaɓi wuri da iri. Mangwaro yana son tazarar mita goma, ba a kuma sa shi kusa da gini ko masai, domin saiwarsa da rassansa. Lemu da gwaiba sun fi dacewa da ƙaramin fili, mita shida ko bakwai sun ishi lemu. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa yakan kai shida ko fiye, ba kuma lalle ya yi zaƙin uwarsa ba. Tsadar mai aure ba asara ba ce. Malaina da darbejiya suna ba da inuwa da sauri, amma wurinsu bakin iyaka ne.

Tun ƙasa ba ta yi tauri ba a haƙa ramuka, faɗi da zurfi kamar santimita 60, a ware ƙasar sama a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Ana iya renon lemu, gwanda da zogale cikin leda a ƙarƙashin rumfa kusa da rijiya, inda bokiti ɗaya zai shayar da dashe masu yawa. Ƙwallon mangwaro ba ya jimre ajiya, sai a jira kakarsa. Shuwaka da aduruku, waɗanda ake dasa reshensu domin miya da shinge, su ma su jira ruwa. Idan damina ta zauna a watan Mayu ko Yuni, sai a kai kome ramin da ke jiransa.

Akwai togiya ɗaya. Gidan da ke da rijiyar da ba ta ƙafewa yana iya dashe a kaka, muddin an san mutumin da zai yi ban ruwa sau biyu ko uku a mako har wata biyar. A san shi da suna. Abin da aka bar wa "matasa" gaba ɗaya, sau da yawa ba wanda ya yi shi.

Itatuwan da aka dasa a daminar da ta wuce su ne suka fi bukatar kulawa yanzu. A rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba, a kewaye su da ƙaya ko kwando saboda awakin da ake saki bayan girbi, a kuma share ciyawar da ke kewaye kafin masu farautar gafiya su fara cinna wuta a watan Disamba.

Tambaya domin tattaunawa: Itatuwa nawa aka dasa a harabar ikkilisiya cikin shekara uku da suka wuce, nawa ne ke raye, wane ne kuma yake ba su ruwa?