Yadda Ake Gano Matsalar Fitilun Ado Na LED Masu Rawa Kafin Daren Sallah

Yau za mu duba fitilun nan na LED masu sauya launi suna gudu kamar ruwa, waɗanda ake sarrafawa da wayar hannu. Matasa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar na iya samun na kashewa da su lokacin Sallah da Maulidi, ta hanyar ƙawata shaguna, ƙofofin gidaje, wuraren biki da rumfunan masu shayi.

Sai dai aikin yana da ranar kunya. Ka karɓi kuɗin mai shago, ka sayo kaya daga Kano, ana gobe Sallah ka kunna, sai rabin fitilar ya ƙi kamawa. Abin da yawancinmu ke fara cewa shi ne kwantirola ta ƙone. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau. Daga Gumel zuwa kasuwar Sabon Gari ba nan kusa ba ne, don haka kafin ka hau mota, bi waɗannan matakai a jere.

Fara da sanin irin fitilarka

Kowane ƙwai a jikin wannan fitila yana da ɗan ƙaramin guntu mai karɓar umarni, shi ake kira fiksel. Kwantirola tana tura saƙo ta waya ɗaya, fiksel na farko ya ɗauki nasa ya miƙa sauran ga na biyu, haka har ƙarshe. Duba rubutun da ke jikinta ko jikin ledarta:

- WS2812B: tana aiki da 5V, wayoyinta uku, wato 5V da DIN da GND.
- WS2811: yawancinta 12V ce, kuma a irin mai tsiri ƙwai uku ne ke zama fiksel ɗaya.
- WS2815: 12V ce, tana da wayar saƙo ta biyu don ko-ta-kwana.

Idan ka ga an rubuta R da G da B a wajen haɗa waya, wannan fitilar gama-gari ce, ba za ta yi aiki da kwantirolar fiksel ba.

Mataki na 1: Wuta

A nan mafi yawan matsaloli suke. Fiksel ɗaya na WS2812B yana jan kusan 60mA idan ya ba da farin haske iya ƙarfinsa. Tsiri mai tsawon mita 5, mai ƙwai 60 a kowace mita, fiksel 300 ke nan. Lissafin ya kama amfiya 18. Cajar waya mai amfiya 2 kuwa fiksel 30 da ɗoriya kawai za ta iya ɗauka. Shi ya sa za ka ga fitila tana aiki a kan ja ko kore, amma da ka zaɓi fari sai ta ɗauke, kwantirola ta mutu ta sake tashi.

Wata alamar kuma: farkon tsirin fari tas, ƙarshensa ya koma ruwan ɗorawa ko ja-ja. Wutar ce ke raguwa a hanya, kuma shuɗin launi ne ke fara gazawa saboda ya fi ja buƙatar ƙarfin wuta. Maganinsa ka jawo wayoyi biyu masu kauri daga na'urar ba da wutar kai tsaye zuwa ƙarshen tsirin, idan doguwa ce har da tsakiyarta. Ka auna da mita a ƙarshen, idan ya yi ƙasa da 4.5V sosai, akwai gyara.

Ga masu sola, a kula. Tunda wutar KEDCO ba kullum take samuwa ba, da yawa batir suke dogara da shi. Kada ka taɓa jona fitilar 5V kai tsaye a batir mai 12V, nan take za ta ƙone gaba ɗaya. Sai ka sa na'urar da ke rage wuta daga 12V zuwa 5V a tsakani. Ko fitilar 12V ce, ka tuna batir yana haura 14V lokacin da yake caji da rana, don haka ita ma gara a sa mata mai daidaita wuta. Kuma ka sa fis a wayar fozitif kusa da batir. Amfiya 18 a siririyar waya gobara ce, musamman a rumfar zana ko shagon atamfa.

Mataki na 2: Wayoyi

Duba jikin tsirin, za ka ga 'yan kibiyoyi. Saƙo hanya ɗaya yake bi, daga DIN zuwa DOUT. Idan ka jona kwantirola a wancan bakin, ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba, ko da wuta ta isa.

Idan kuwa fitilar tana ƙyaftawa, tana watso launukan da ba ka zaɓa ba, duba abubuwa uku:

1. GND na kwantirola da na fitila dole su haɗu. Wannan kuskure yana yawan faruwa idan ka ba kwantirola wuta daga caja, fitila kuma daga wata na'urar daban.
2. Wayar saƙo ta yi tsawo. Matso da kwantirola kusa da fiksel na farko, ka bar wayar wuta ta yi doguwar tafiyar.
3. Allon ESP32 da ESP8266 suna fitar da saƙo a 3.3V, fitilar 5V kuma tana son kusan 3.5V. Wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi. Guntun 74AHCT125 yana ɗaga saƙon zuwa 5V.

Yana da kyau ka sa razisto mai om 330 zuwa 470 a wayar saƙo, da kafasita mai 1000µF tsakanin fozitif da nagetif a bakin tsirin. Suna kare fiksel na farko daga bugun wuta, kamar lokacin da aka tada janareto.

Mataki na 3: Saiti a wayarka

Idan ƙaramar kwantirola ce irin SP110E, da Bluetooth take aiki ta manhajar LED Hue. A wayoyin Android da yawa sai ka ba manhajar izinin sanin wuri ko na na'urorin kusa kafin ta gan ta. SP108E kuma Wi-Fi take amfani da shi, manhajarta LED Shop.

Idan ESP32 ce mai ɗauke da WLED, manhajar kyauta da wani Bajamushe mai suna Christian Schwinne ya ƙirƙiro, za ta buɗe Wi-Fi mai suna WLED-AP. Kalmar sirrinta wled1234, sai ka buɗe burauza ka rubuta 4.3.2.1. Idan shafin ya ƙi buɗewa, kashe datarka, domin waya takan gudu daga Wi-Fi da ba shi da intanet. Idan kuma kana son ta hau Wi-Fi na wayarka, mayar da shi kan 2.4GHz, waɗannan allunan ba sa ganin 5GHz.

Bayan ka shiga, duba waɗannan:

- Adadin fiksel. WLED tana zuwa da 30. Idan ƙwai 30 na farko ne kawai suka kama, ba lalacewa ba ce, rubuta adadin naka. Ga WS2811 mai tsiri, raba yawan ƙwan gida uku.
- Jerin launi. Ka danna ja sai kore ya fito? Sauya zuwa GRB, shi WS2812B ke bi. Ga WS2811 gwada RGB ko BRG har launi ya daidaita.
- Lambar ƙafar da ka jona wayar saƙo ta zo daidai da GPIO da ke cikin saiti.
- Iyakar wuta. Tana zuwa a 850mA, shi ya sa doguwar fitila ke dusashewa. Ɗaga ta, amma ka tsaya ƙasa da abin da aka rubuta a jikin na'urar ba da wutarka.

Mataki na 4: Mataccen fiksel

Idan fitila ta yi aiki har wani waje ta tsaya cak, kuma adadin da ke saiti daidai ne, to mai laifin ɗaya ne cikin biyu: ƙwan ƙarshe da ke haske ko na farkon da ya mutu. Cire wuta, yanke su duka biyun a kan layin tagullar da ke tsakanin ƙwai, ka liƙe bakunan da dalma, kibiya tana kallon gefe ɗaya. Asarar ƙwai biyu ta fi asarar mita biyar. WS2815 ta fi haƙuri a nan, domin idan fiksel ɗaya ya mutu saƙo yana bi ta wayar ta biyu.

Yanayin garinmu

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana zuwa cikin zafin bazara, Babbar Sallah a bakin damina, Maulidi kuma cikin ruwa. Zafi yana sake gam ɗin bayan tsiri, musamman a kan kwano, don haka ka ɗaure shi da madauri. Kada ka kunna fitila tana naɗe a kan faifanta na tsawon lokaci, zafi zai taru. Don waje, nemi mai rubutun IP65 ko IP67, ka rufe duk inda ka yanke, kwantirola da na'urar wuta kuma su zauna a inuwa inda iska ke ratsawa, ruwa ba ya kaiwa.

Shawara ta ƙarshe: ka haɗa komai a ƙasa, ka bar shi a kunne na awa ɗaya a kan farin haske tun saura mako guda, kafin ka hau tsani. Ka kuma ajiye guntun tsiri mai ƙwai goma da ka tabbatar yana aiki. Duk lokacin da ka yi shakka, jona shi a kwantirola. Idan ya kama, kwantirolarka lafiya take, sai ka koma kan wuta da waya. Idan shi ma ya ƙi bayan ka duba saiti, to a lokacin ne za ka nemi sabuwa.

Wanda ya gamu da matsalar da ba mu ambata ba, ya turo mana sunan fitilarsa da na kwantirolarsa da tsawon mitocin, za mu duba tare. Allah Ya kai mu Sallah lafiya.