Yadda Za Ka Binciki Lafiyar Motarka Mai Gudu Da Wayarka Kafin Ka Je Gareji

 Yau za mu ɗan fita daga batun data da manhajoji, mu leƙa ƙarƙashin sitiyari, amma dai wayar ce za ta yi mana aikin.

Duk wanda ke bin titin Zariya da yamma, daga Dangi zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, ya san an samu ƙaruwar motoci masu ƙugi a hannun matasa: Mustang, Charger, Golf GTI, da Marsandi masu tambarin AMG. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, an ƙera su ne don titunan Amurka ko Turai, ba don zafin Afrilu da ƙurar hunturun Kano ba. Ranar da fitilar cek-injin ta kunnu, mai motar ba shi da abin yi sai ya miƙa makulli ga bakanike, a yi ta canza kaya ana gwadawa. A canza falogi, ba ta daina ba. A canza famfon mai, ba ta daina ba. Alhali motar ta riga ta rubuta abin da ke damunta, karantawa ce kawai ba a yi ba.

Tun shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai suna OBD2. A Turai dokar ta hau kan motocin fetur a 2001. Kafa ce mai ramuka 16, galibi tana ƙasan sitiyari, kusa da gwiwar direba. Ta nan ake magana da kwamfutar mota. Abin da za ka saya shi ne 'yar na'urar da ake kira ELM327, ba ta fi kwalin ashana girma ba. Mai Android ya nemi mai Bluetooth. Mai iPhone ya lura sosai, domin yawancin masu arhar nan ba sa haɗuwa da iPhone, sai dai ya nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta Bluetooth LE a jikinta. Manhaja kuwa, akwai Torque a Android, akwai Car Scanner da ke aiki a dukkan wayoyin biyu.

Haɗawar ba wuya. Ka soka na'urar a kafar, ka murɗa makulli har fitilun gaba su kawo ba tare da ka tayar da inji ba, ka haɗa wayar da ita (in ta nemi lambar sirri gwada 1234 ko 0000), sannan ka buɗe manhajar ka danna wajen karanta matsala. In ka gama ka zare ta. Kafar tana da wuta ko da mota a kashe take, kuma wasu na'urorin suna iya shanye batir in mota ta yi kwanaki a ajiye.

Abin da za ka gani lambobi ne masu farawa da harafi. Wanda ya fara da P ya shafi inji ko giya, kuma su ne za ka fi cin karo da su. Mu ɗauki P0301 zuwa P0308. Ma'anarsu wani gidan fistin ba ya ƙona mai yadda ya kamata, lambar ƙarshe kuma ita ce ke nuna wane ne. P0303 na nufin na uku. To a nan ne wayar ke cece ka daga asara. Maimakon a sayi kwayil guda shida ko takwas, sai ka ce wa bakanike ya cire kwayil na uku ya musanya shi da na ɗaya, ka goge lambar, ka ɗan zaga. In ta dawo a matsayin P0301, ciwon ya bi kwayil, guda ɗaya za ka saya a Ƙofar Ruwa. In ta tsaya a P0303, kwayil lafiyarsa ƙalau, a duba falogi ko nozul. Kuma ka riƙe wannan: fitilar da ta kunnu ta tsaya tana ba ka damar lallaɓawa zuwa gareji, amma wadda take ƙiftawa tana cewa ka sassauta ka nemi wajen tsayawa, saboda ɗanyen mai na kwarara cikin salansa, zai iya ƙone matatar hayaƙin da ake kira indomi. Ita kuwa tsadarta ba wasa ba.

P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. Da hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, fara da abu mafi arha: matatar iska da sansan da ke auna iskar, wanda ƙura ke liƙe masa. Ba a wanke shi da fetur, akwai feshinsa na musamman. In motarka mai tobo ce kuma ka ga P0299, ƙarfin iskar da tobo ke turawa ya ragu. Sau da yawa tiyo ne ya tsage ko ya kwance, don haka kada ka yarda a yanke wa tobo hukunci kafin a bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato zafi. Allurar da ke gaban direba ba ta cika faɗin gaskiya ba. A motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya, ba ta motsawa sai abu ya kusa ɓaci, wasu motocin ma ba su da ita sam. Manhajar kuwa tana nuna maka ainihin zafin ruwan inji da lamba. Yawancin injina suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105. Ka ɗora wayar a mariƙinta, ka shiga cunkoson gaban Asibitin Malam da rana tsaka da AC a kunne, ka ga inda lambar ke tsayawa. In tana hawa tana wuce 110 a tsaye, amma tana sauka da zarar hanya ta buɗe, zargi fanka ko lagireton da ƙura ta toshe. In a kan gudu take hawa, matsalar ta fi kama da famfon ruwa ko toshewa ta ciki, wadda ruwan rijiyar burtsatse da fiya-wata ke haifarwa. Waɗannan injinan kulan suke so. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu: da mota ta sauka daga Kwatano sai a ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai-tsaye. Ni dai ban yarda da wannan ba, musamman a motar da kwamfuta ke sarrafa komai nata. Inji da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Ga shan mai, ga baƙin falogi, ga baƙin mai da fetur ke tsinkawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu wanda ke da kuɗin wannan ɓarnar. Alamarta a waya ita ce P0128, ko ka ga zafi ya ƙi wuce 70 a kan doguwar hanya. In ka gani, a mayar da tamostat, a gyara ainihin abin da ke kawo zafin.

Baƙin mai ma haka. Ka buɗe littafin motar, ko ka sauko da shi daga intanet, ka ga lambar da kamfani ya rubuta. In an ce 5W-30 ko 0W-40, to kada a ɗura mata 20W-50 don kawai shi ne a kusa. Mai kauri ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin tobo da safe. Da irin ƙurarmu da zafinmu, gara ka riƙa juye kafin lokacin da littafin ya faɗa ya cika. Ka rubuta kwanan wata da kilomita a kalandar wayarka. In ka dawo daga Kaduna a guje, ka bar injin tobo ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe.

Da yawan waɗannan motoci an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai. Kwamfutar na iya daidaita kanta, sai dai ƙarfi ya ragu. In kana jin ƙarar ƙas-ƙas lokacin da ka take totur a zafin rana, ɗaga ƙafarka. Sannan ka tsaya a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka guji na bumburutu. Wanda ya ga abin da fetur mai gaurayen metanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Batir kuwa duba shi na daƙiƙa goma ne: wajen 12.6 in mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. Ƙasa da haka, a kai wa rewaya. Tayoyin nan marasa kauri kuma a riƙa auna iskarsu da safe, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda mai faci ya saba sakawa ba.

Saura mai shirin saye. Ka tafi da na'urar a aljihu. Ana iya goge lambobi minti biyar kafin ka iso, fitila ta mutu, amma gogewar na barin sawu. A manhajar akwai shafin da ke nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta, a wasu motocin har da kilomitar da aka yi tun gogewar ƙarshe. In ka ga yawancin gwaje-gwajen ba su kammala ba, kuma kilomitar ba ta fi biyar ko goma ba, ko dai an cire kan batir kwanan nan ko an goge wani abu. Ka nemi a ba ka ita ku miƙa titin Zariya ku dawo, sannan ka sake karantawa kafin a fara maganar kuɗi.