Rabon Yini Guda: Darasi Daga Rayuwar Waliyiya Bakhita

Da yawa daga cikinmu mukan tashi da safe ɗauke da kaya biyu a ka: baƙin cikin jiya da fargabar gobe. Kuɗin makarantar yara bai cika ba, taki ya yi tsada, ga mara lafiya kwance a ɗaki. Tun rana ba ta take ba mun riga mun gaji, yinin kuwa ya wuce ba mu ga alherin da ke cikinsa ba.

Mu tuna da Isra'ilawa a jeji, kamar yadda Littafin Fitowa sura 16 ya nuna mana. Shekara 40 Allah yana ciyar da su da manna. Ya umarta kowa ya tara abin da zai ishe shi yini guda, sai ran jajibirin Asabar ne kaɗai ake tara na kwana biyu. Waɗanda suka ƙi ji suka ɓoye saura, da gari ya waye suka tarar ya yi tsutsa. Haka kuma a addu'ar da Ubangijinmu Yesu ya koya mana, abincin yini muke roƙo. Allah yana ba da alherinsa rana-rana, domin mu riƙa komawa gare shi rana-rana.

Wata 'yar Afirka ta rayu bisa wannan koyarwa. An haifi Yusufina Bakhita a Darfur, ƙasar Sudan, wajen shekara ta 1869. Tana yarinya aka sace ta, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. Tsananin tsoro ya mantar da ita sunan da iyayenta suka raɗa mata. Masu satar ne suka kira ta Bakhita, wato mai sa'a. A wani gida aka tsattsaga jikinta wuri 114, aka cusa gishiri a raunukan. A 1885 aka kai ta Italiya, inda ta sami 'yanci, ta karɓi baftisma a 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio. Aikinta girki ne, da ɗinki, da shirya bagadi, da tsaron ƙofa. Ba ta ɓoye tabon da ke jikinta ba, ba ta kuma ce bauta abu ne mai kyau ba. Amma da ta waiwaya, sai ta ga Allah bai taɓa sakin hannunta ba, har ta gafarta wa waɗanda suka sace ta. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan, da fara'a ta tarye shi. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947, Paparoma Yohanna Bulus na II kuma ya sa ta cikin jerin tsarkaka a shekara ta 2000. Da irin kwanakin da mu muke rainawa ta gina tsarkinta.

To, me za mu yi? Da asuba, kafin mu taɓa fartanya ko tukunya, mu miƙa wa Allah yinin duka. Da rana, mu riƙe aikin da ke gabanmu da zuciya ɗaya, ko shara ce ko jinyar tsoho. Da dare, kafin mu lissafta abin da muka rasa, mu ambaci abu uku da za mu gode wa Allah dominsu, mu kuma nemi gafarar wanda muka ɓata wa rai. Tanadin gobe ba laifi ba ne, manomi ma yakan ajiye iri. Fargaba ce take cinye yau, ba ta kuwa ƙara wa gobe ko ƙwaya ɗaya.

A taron zumunta na wannan mako, bari kowa ya faɗi alheri guda da Ubangiji ya yi masa yau.

Waliyiya Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Amin.