Ƙashin Namiji Ma Yana Zaizayewa

Samarinmu masu dako da lodi a kasuwar Maigatari, da ku dattijan Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Duk wanda ya saba shiga kara ran Alhamis ya san san da aka dandaƙe tun yana maraƙi yakan fi bijimi tsawon ƙafa, amma bai kai shi kaurin wuya da cikar gaba ba. Dalili shi ne maraina ne ke samar da sinadarin mazantaka, wanda likitoci ke kira testosteron, kuma aikinsa bai tsaya ga gemu da shimfiɗa ba. Shi ke kaurara ƙashi lokacin balaga. Wani ikon Allah, jiki kan juya kaɗan daga cikinsa ya zama istirojin, sinadarin da muka ɗauka na mata ne kawai, kuma wannan ne ke tsayar da tsawo, ya hana ƙashi zaizayewa. A 1994 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani ɗan shekara 28 da jikinsa ba ya jin istirojin. Mazantakarsa lafiya lau, ya haura mita 2 yana ta ƙara tsawo, amma ƙashinsa ba ƙwari.

Ƙashi kamar ginin ƙasa yake, damina na ci, ana yaɓe. Zuwa shekara 30 an gama mafi yawan ginin. Daga wajen 40 sinadarin mazantaka kan riƙa raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara, sai ci ya fara rinjayar yaɓe, ba ciwo ba alama.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke gaggauta wannan da hannunmu. Tiramol da kodin da ake sha don a jure ɗaukar buhunan riɗi suna danne sinadarin. Deksa, wadda wasu ke sha don su yi ƙiba, ita ƙashin take ci kai tsaye. Taba ma ba a bar ta a baya ba. Ƙarfin da ƙwaya ke ba ku yau rance ne, ƙugu da gadon baya za su biya.

Kada kuma ku ce to bari a sayi allurar testosteron. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2024 ya nuna dattijan da aka bai wa testosteron sun ma ɗan fi waɗanda ba a ba ba samun karaya. Ga shi tana rage maniyyi.

Nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, ga riɗi a gonakinmu, ga rana, ga aikin ƙarfi, duk abokan ƙashi ne. Wanda kuwa ya ga ya fara ranƙwafawa, ko tsawonsa ya ragu, ko ɗan tuntuɓe ya karya shi, kada ya tsaya wajen mai ɗori kaɗai. Ya je Babban Asibitin Gumel, in ta kama a tura shi Dutse ko Kano a auna jininsa, da sassafe ake ɗiba. Don Allah 'ya'yana, ku raka iyayenku.