Darasi: Sojan da Bai Komo Ba, da Waɗanda Ya Bari

Ran 15 ga Janairu na kowace shekara Nijeriya takan tuna da sojojinta da suka kwanta dama. A wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A da, ran 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Ita ce kuma ranar idin Waliyyi Martin na Tur, sojan Roma wanda ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani mabaraci rabi a cikin tsananin sanyi.

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet, na Zariya kuma ya san Chindit. Sunayen nan daga yaƙin Bama suka zo. Tsakanin 1943 da 1945 Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan a can. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukanmu, Kirista da Musulmi da masu bin addinin gargajiya, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a bariki. A kwarin Kaladan babu hanyar mota ta kirki. A kai suka ɗauki kaya, cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi, abinci sai wanda jirgi ya jefo musu. Waɗansu a can aka binne su, iyayensu ba su taɓa ganin kabarin ba.

Mukan yaba jaruntaka, amma yawancin aikin soja jimiri ne: tafiya, yunwa, jiran umurni. Manzo Bulus ya koya wa Romawa, a sura 5, cewa daga wahala jimiri yake fitowa, daga jimiri kuma hali nagari da bege. Irin wannan haƙuri muke gani yau ga matar da mijinta ya faɗi a arewa maso gabas, ta tashi ta ci gaba da ciyar da yara huɗu.

Sai dai mu yi hankali. “Yi haƙuri” magana ce mai sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi. Idan gwauruwa tana ta kai da kawowa a kan haƙƙin mijinta, muka sallame ta da kalmar nan kaɗai, mun yi mata rowa. Martin bai ce wa mabaracin ya jure sanyi ba.

Saboda haka, kafin Lahadi mai zuwa, bari Zumuntar Mata da dattawan kowace majami'a su bincika iyalan sojojin da suka rasu a unguwarsu. A kai wa katikis sunayen mamatan domin a ambace su a Misa, a kuma tambayi kowace uwa ko yaranta suna makaranta.