Yadda Ake Haɗa Jeri Biyu A Word A Tsara Su Daga A Zuwa Z Ba Tare Da An Raba Uwa Da 'Ya'yanta Ba

Wannan zango dai kowa ya san na furojet ne ga mu 'yan ajin ƙarshe, kuma shi ne lokacin da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi ke tattara sunayen masu neman tallafin karatu. Aiki ne da ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Wannan ya kawo rabinsa a filas, wancan ya turo nasa ta WhatsApp, malami kuma ya ce a haɗe su wuri guda, a tsara bisa harafi, a kawo ranar Litinin. Tun muna ajin farko nake taya 'yan ajinmu irin wannan aiki a Microsoft Word, shi ya sa na ga ya dace in rubuta hanyoyin da nake bi kafin in bar makaranta. Duk bayanin a kan Word na kwamfuta nake yi, ba na waya ba.

Ina matsalar take?

Jeri iri biyu ne. Akwai miƙaƙƙe, kamar sunayen 'yan aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wannan ba shi da wahala: ka zaɓe shi duka, ka je Home, ka danna maɓallin Sort, wato mai A a sama da Z a ƙasa da kibiya a gefe, ka bar shi a kan Paragraphs da Text da Ascending, ka danna OK. Shi ke nan.

Na biyun shi ne wanda nake kira jeri mai 'ya'ya: kowane babban suna yana da ƙananan sunaye a ƙarƙashinsa, an ɗan tura su ciki. A ce mutum biyu aka ba aikin tattara jihohi da ƙananan hukumomi. Na farko ya kawo wannan:

Katsina
 • Funtuwa
 • Daura
Kano
 • Wudil
 • Bichi

Na biyu kuma ya kawo wannan:

Jigawa
 • Ringim
 • Gumel
Kano
 • Rano
 • Bichi

In ka liƙa su wuri ɗaya ka danna Sort kai tsaye, ga abin da za ka samu: Bichi, Bichi, Daura, Funtuwa, Gumel, Jigawa, Kano, Kano, Katsina, Rano, Ringim, Wudil. Kun ga ɓarna? Rano da Ringim da Wudil sun koma ƙarƙashin Katsina, Jigawa da Kano sun zauna ba ɗa ko ɗaya, guda biyar kuma sun haye sama ba su da uwa.

Dalili shi ne, a wurin Word duk inda ka danna Enter an gama sakin layi ɗaya, kuma kowane sakin layi cin gashin kansa yake yi. Tura layi ciki da ka yi, kai ne kake ganin sa a matsayin ɗa, Sort bai san da wannan zumuncin ba.

Wani zai ce ai sai a gyara da hannu. A layi 12, ƙwarai kuwa. Amma jihohi bakwai na Arewa maso Yamma kaɗai suna da ƙananan hukumomi 186: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Nijeriya baki ɗaya 774 ne. Kuma akwai masu suna ɗaya a jihohi daban: Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. In suka cakuɗe, ta yaya za ka gane wacce ce ta wa? In kuma sunayen ɗalibai ne a ƙarƙashin ƙananan hukumomin, mutum zai iya wayar gari sunansa na cikin jerin garin da bai taɓa takawa ba, ranar tantancewa a ce ba a san shi ba.

Shiri kafin a fara

Abu na farko, ka yi Save As ka ajiye kwafi da wani suna, ka yi aikin a kan kwafin. Ctrl+Z yana dawo da kai baya, gaskiya ne, amma in an ɗauke wuta ko ka rufe fayil ɗin, ya tafi ke nan.

Na biyu, ka buɗe sabon shafi ka liƙa jerin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Wajen liƙawa ka zaɓi Keep Text Only, don kada salon rubutun kowa ya biyo shi.

Na uku, ka danna Ctrl+Shift+8. Alamomin da suke ɓoye za su fito: ¶ a ƙarshen kowane sakin layi, ɗigo a madadin tazara, kibiya a madadin Tab. Ka share layukan da ba komai a ciki, da tazarar da aka bari a gaban suna, domin duk layin da ya fara da tazara ba zai zauna a gurbinsa ba. Lambobin da aka buga da hannu, irin 1. da 2., su ma ka cire, in ba haka ba da su Word zai yi tsarin, ba da sunan ba, har ka ga 10 ta riga 2 zuwa. Lambobin da Word ya saka da kansa ba su da wannan matsala, yana sake ƙirga su bayan tsari.

Na huɗu, ku daidaita rubutun sunaye. In wani ya rubuta Funtua wani ya rubuta Funtuwa, ko Hadejia da Haɗejiya, kwamfuta garuruwa biyu take gani. Ku tsayar da ɗaya, ku yi amfani da Ctrl+H ku canza sauran.

Hanya ta farko: Outline

Wannan ita ce na fi yarda da ita, musamman in jerin yana da tsawo ko hawansa ya kai uku. Dabarar ita ce a gabatar wa Word uwa da 'ya'yanta ta hanyar da yake ganewa.

1. Ka ɗora alamar rubutu a kan kowace jiha ka danna Ctrl+Alt+1, ta zama Heading 1. Ƙananan hukumomin ka bar su yadda suke. In su ma suna da 'ya'ya, kamar sunayen ɗalibai, to ka ba su Heading 2 da Ctrl+Alt+2.
2. Ka je View ka danna Outline.
3. A akwatin Show Level ka zaɓi Level 1. 'Ya'yan za su ɓuya, jihohin kawai za ka gani. Kada gabanka ya faɗi, suna nan a naɗe.
4. Ka zaɓi jihohin duka, ka koma Home, ka danna Sort, sai OK.
5. Ka koma Show Level ka zaɓi All Levels.

Yanzu za ka ga Jigawa, Kano, Kano, Katsina, kowacce ta taho da 'ya'yanta a bayanta kamar kaza da 'yan tsaki. A nan ne haɗewar take: Kano biyu suna maƙwabtaka, sai ka share sunan Kano na biyu, Rano da Bichi su shige ƙarƙashin ta farko.

To a nan fa a yi hattara. Kada ka share Kano ta biyu alhali 'ya'yanta na naɗe. A Outline, in ka zaɓi uwa a naɗe ka goge, da 'ya'yan take tafiya, kuma Word ba zai tambaye ka ba. Sai ka buɗe All Levels, ka gan su da idonka, sannan ka share layin sunan kaɗai.

Saura tsara 'ya'yan. Ka zaɓi na jiha ɗaya kawai, ka yi Sort, ka wuce ta gaba. A ƙarƙashin Kano za ka samu Bichi, Bichi, Rano, Wudil, sai ka goge Bichi ɗaya. In hawa uku ne, ka sa Show Level a Level 2 kafin ka tsara ƙananan hukumomin, don su tafi da ɗalibansu. In ka gama ka danna Close Outline View. Ga sakamako:

Jigawa
 • Gumel
 • Ringim
Kano
 • Bichi
 • Rano
 • Wudil
Katsina
 • Daura
 • Funtuwa

Abin lura: Heading 1 yana ƙara girman rubutu ya canza launi, kuma in a cikin furojet ɗinka ka yi shi, sunayen jihohin za su bayyana a shafin ƙumshiya kamar babi-babi. Shi ya sa na ce a yi aikin a sabon shafi. In an gama, a mayar da su Normal, a sa musu Multilevel List, a tura 'ya'yan ciki da Tab, sannan a kai cikin furojet.

Hanya ta biyu: tebur

In sunayen mutane ne, ko maimaici ya yi yawa, tebur ya fi. A nan kowane ɗa sai ya ɗauki sunan uwarsa a layinsa: Kano, Tab, Wudil. Kano, Tab, Bichi. Katsina, Tab, Daura. Haka har ƙarshe. Da farko kamar ɓata lokaci ne, amma daga nan babu yadda za a yi wani ya ɓata, tunda kowa na ɗauke da adireshinsa.

Ka zaɓi layukan duka, ka je Insert, Table, Convert Text to Table, ka tabbata an zaɓi Tabs. Sai ka danna Sort. Akwatin yana ba da hawa uku: a Sort by ka sa Column 1, a Then by ka sa Column 2, in akwai sunan ɗalibi a gida na uku ka sa Column 3. In layin farko kanun tebur ne, ka zaɓi Header row don kada a tsara shi da sauran. Dannawa ɗaya, jihohi sun tsaru, ƙananan hukumomi sun tsaru a cikin kowace jiha, sunaye sun tsaru a cikin kowace ƙaramar hukuma.

Kada ka haɗe gidajen tebur da Merge Cells don kyau kafin tsari, Word ba ya yarda ya tsara tebur mai haɗaɗɗun gidaje. Sannan Word ba shi da maɓallin cire maimaici, jera maka su kawai yake yi kusa da juna ka goge da kanka. In layuka sun kai ɗaruruwa, ka kai teburin Excel, akwai Remove Duplicates a ƙarƙashin Data. Amma da sunayen mutane a bi sannu, kama da wane ba ta wane. A ƙaramar hukuma ɗaya za ka iya samun ɗalibai biyu masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya. Ka sa lambar rajista a gida na huɗu, da ita za ka raba gardama, ba da suna ba.

In jeri ake so ba tebur ba, a Layout na tebur akwai Convert to Text. Sai ka bar sunan jiha sau ɗaya a sama, ka goge maimaicin.

Hanya ta uku: Shift+Enter

Wannan ta gajeren jeri ce, wanda 'ya'yansa sun riga sun tsaru. Maimakon Enter tsakanin uwa da 'ya'ya, ka sa Shift+Enter. Layi zai sauka amma sakin layin bai ƙare ba, saboda haka Word yana ɗaukar jiha da 'ya'yanta a matsayin dunƙule ɗaya. Ka yi Sort yadda aka saba. Bayan nan ka danna Ctrl+H, a sama ka rubuta ^l, wato ƙaramin harafin l, a ƙasa ^p, ka danna Replace All a kan jerin da ka zaɓa kawai. Sai ka sake tura 'ya'yan ciki da Tab.

Haruffanmu na Hausa

A baƙaƙen boko na Hausa, ɓ tana bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, kuma sh da ts kowanne harafi ne mai zaman kansa. Word kuwa s da h yake gani, t da s yake gani. Ɗauki waɗannan na Kano: zai ba ka Takai, Tarauni, Tofa, Tsanyawa, Tudun Wada, alhali a tsarin Hausa Tudun Wada ce ke gaban Tsanyawa. Haka zai sa Shanono gaban Sumaila. In takardar da Turanci take, kamar yawancin furojet ɗinmu, tsarin Word ya yi daidai. In da Hausa ce, ka tambayi malamin da ke duba aikinka wanne yake so tun kafin a buga.

Sunaye masu lanƙwasa irin Ɗanja da Ɗandume da Ƙanƙara da Ƙaraye, da masu farawa da 'y, ka bi su ɗaya bayan ɗaya bayan tsari, musamman in wani ya rubuta Ɗ wani ya rubuta 'D. Duk wanda bai zauna daidai ba, ka ɗora alama a kansa ka riƙe Alt da Shift ka danna kibiyar sama ko ta ƙasa, layin zai yi tafiya zuwa inda kake so. Laƙabi kuma, irin Malam da Alhaji da Hajiya, a mayar da su bayan suna, in ba haka ba duk malamai a M za su taru.

Kafin a kai wa mai bugawa

Ka ƙirga. A Review akwai Word Count, yana nuna yawan sakin layi. Ka duba kafin ka fara, ka duba bayan ka gama. A misalinmu da 12 muka fara, muka goge Kano ɗaya da Bichi ɗaya, dole mu ƙare da 10. In 9 ka gani, wani ya salwanta, ka koma kwafin da ka ajiye ka nemo shi. Sannan ka ba wanda ya kawo kowane rabi ya duba nasa a allo. Gyara a allo kyauta ne, a takarda kuwa kowane shafi da kuɗinsa, balle in an riga an ɗinke.

Ga aikin gwaji: ka buga jihohi uku da ƙananan hukumomi biyar-biyar a hargitse, abokinka ya buga nasa, ku haɗe ta Outline, sannan ku sake ta tebur. In sakamakon biyu ya zo ɗaya, hannu ya faɗa. 'Yan aji ɗaya, ku koya tun yanzu, baɗi ku ne a layi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya, amin.